Tsakanin Tarihi da Kasuwa: Tarken Rigunan Lilin na Masu Kwaikwayon Tsohuwar Turai

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1966 da aka kafa ƙungiyar Society for Creative Anachronism a jihar Kalifoniya ta Amurka, kwaikwayon rayuwar Turai ta Zamanin Tsakiya, wato daga wajen ƙarni na 5 zuwa na 15, ya ƙara samun karɓuwa, har ya haifar da kasuwa tasa ta tufafi. Daga cikin hajojin wannan kasuwa akwai doguwar rigar mata ta lilin, mai launi shar, wadda ake ɗaure ta da igiya a baya ko a gefe. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan riga bisa ma'auni uku: yadi, da launi, da yanka. Dalili kuwa shi ne, abin da aka sanya a dandalin biki da filin makaranta shi ne ɗalibi zai riƙe a zuciyarsa a matsayin tarihi, ko da littafi ya faɗi akasin haka.

2.0 Yadi

Hujjojin da suka tsira sun fi nuna cewa ulu ne jigon rigar sama, lilin kuwa aikinsa rigar ciki da mayafi da lulluɓin kai. A shekarar 1921 Poul Nørlund ya tono tufafi a maƙabartar Herjolfsnes da ke Girinlan, waɗanda aka yi wa matattu likkafani da su, sanyin ƙasa kuma ya adana su. Rigunan nan na ulu ne. Idan aka juya ga lilin, sai a tarar da taguwar da ake dangantawa da Sarki Luwis na 9 na Faransa, wanda ya mutu a 1270, wadda aka tsamo daga gobarar majami'ar Notre-Dame a 2019. Akwai kuma tufafin ciki na ƙarni na 15 da aka gano a 2008 a gidan sarauta na Lengberg a Ostiriya.

Hikimar wannan tsari a fili take. Lilin yana shan gumi, yana kuma jure wanki da duka, don haka shi ke tsakanin fata da ulu mai wuyar wankewa. Rigar kasuwa ta haɗe hawa biyu ta mai da su ɗaya, sai hikimar ta ɓace.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa lilin ya fi ulu saurin ruɓewa a cikin ƙasa mai danshi. Saboda haka ƙarancinsa a ramukan tono ba zai isa hujjar cewa ba a taɓa sanya shi a sama ba. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, kasuwa ta ɗauki abin da hujja ba ta ƙarfafa ba, ta mai da shi ƙa'ida.

3.0 Launi

A nan ne rauni ya fi bayyana. Zaren lilin ba ya shan yawancin rinin itatuwa yadda ulu ke sha. Wanda ya fi kama shi shi ne shuɗin ganyen da Turawa ke rini da shi, wanda sinadarinsa ɗaya ne da na baban marinar Ƙofar Mata. Zanen Bayeux na ƙarni na 11, mai tsawon kusan mita 70, shaida ne: shimfiɗarsa lilin ce da ba a rina ba, launukan duka suna cikin zaren ulun da aka yi surfani da shi. Ja wur da shunayya mai ƙyalli da ake gani a kan lilin na yau, 'ya'yan rinin masana'anta ne, wanda William Perkin ya buɗe ƙofarsa a 1856.

Launi kuma yana magana a kan matsayi. Dokar tufafi ta Ingila ta 1363, ko da yake ba ta daɗe ba, ta taƙaita wa masu noma da kiwo yadi mai araha. Rigar da ta ba kowace mace launin fada ta shafe bambancin talaka da basarake, alhali a kansa aka gina wancan zamani.

4.0 Yanka

Rigunan Herjolfsnes suna samun faɗinsu ne daga ƙyallaye masu kusurwa uku da ake sakawa daga ƙugu zuwa ƙasa, dabarar da ke hana asarar yadin da aka saƙa da hannu. Rigar da ke bin jiki ta yaɗu ne a wajen tsakiyar ƙarni na 14, da taimakon maɓallai da igiya. Ramukan igiyar da zare ake ɗaje su. Zoben ƙarfen da ake dannawa cikin yadi ɗan ƙarni na 19 ne, zif kuwa sai a ƙarni na 20 ya shiga tufafi. Haka kuma yawancin hotunan talla suna nuna gashi a sake, alhali al'adar matar aure ita ce rufe kai. Wannan siffa ta fi kama da zane-zanen masu begen tsohon zamani na Ingila a ƙarni na 19. Wato dai kwaikwayon kwaikwayo ake yi.

5.0 Kammalawa

Rigar lilin tana da uzurinta: bukukuwan da bazara ake yawan yin su, lilin yana da sanyi, kuma ya fi yadin roba kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Laifin yana ga sunan da aka laƙaba mata, domin kalmar Zamanin Tsakiya ta dunƙule shekaru dubu da ƙasashe barkatai cikin riga guda. Ya kamata malami ko mai shirya wasa ya yi wa kowace riga tambaya uku kafin ya amince da ita: ta wace ƙasa ce, ta wane ƙarni, kuma ta wane rukunin jama'a? Wadda ta kasa amsawa, a kira ta kayan wasa, kada a kai ta aji da sunan tarihi.