Darasin Dangantaka Cikin Littattafan Turanci: Wani Nazari Daga Ƙasar Gumel

Galibin littattafan Turanci da ake karantawa a makarantun sakandare na Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar suna buɗe darasin dangantaka da zane guda: miji ɗaya, mata ɗaya, 'ya'ya biyu ko uku. Gidan Ingila ke nan. Yaron da ya tashi a gandu tare da baffanninsa da kishiyoyin uwarsa ba ya ganin gidansu a ciki.

Tun 1871 Lewis Morgan, masani na Amurka, ya nuna cewa kowace al'umma da yadda take kasa danginta. Bature ya haɗa baffa da kawu cikin kalmar "uncle", ya haɗa gwaggo da inna cikin "aunt". Bahaushe kuwa ya raba su, domin hakkinsu ba ɗaya ba ne. Ɗan baffa ɗan'uwa ne, amma ɗan kawu taubashi ne, abokin wasa. Turanci duk ya kira su "cousin". Haka kuma Hausa ta bambanta wa da ƙane, ya da ƙanwa, alhali "brother" da "sister" ba su faɗin wane ne babba.

Aibin littattafan shi ne jera kalma daura da kalma, kamar dai kowace tana da takwara. Da aka ba yaro "stepmother" a madadin kishiyar uwa, an sa shi faɗin abin da bai nufa ba, gama Bature zai ɗauka uwar ta rasu ko aure ya mutu. Facala kuwa, watau matar ɗan'uwan miji, ta ɓace cikin "sister-in-law". Ranar jarrabawa a soke wa yaro amsa, laifin kuwa na littafi ne.

Gyaran yana hannun masu horon malamai, musamman a Kwalejin Ilmi ta Gumel. Kamata ya yi ɗalibi ya fara zana gidansu da Hausa, sa'an nan ya koyi bayyana kowane dangi da jimlar Turanci, kamar "my father's younger brother". Littafin Mary Smith na 1954, tarihin Baba ta Karo, misali ne na yadda Turanci ke iya ɗaukar zumuncin Hausa ba tare da ya tauye shi ba. Wanda ya san inda harsunan biyu suka rabu, shi ya fi kusa da mallakar duka biyun.