Jinjina ga Uwar Adashin Abakpa

Duk wanda ya zauna a Abakpa, maƙwabciyar Unguwar Shanu, ya ga yadda mai tireda da mai koko suke haɗa kuɗin haya, da harajin gwamnatin Jihar Kaduna, da kuɗin makarantar yara, lalle zai shaida cewa uwar adashi ta cancanci yabo. Ita ce ke zagayawa bayan la'asar, littafinta da ya sha maiƙo a hannu, tana rubuta zubin kowa, ba ta yarda ko kwabo ya salwanta, domin amana aka danƙa mata. Ranar kwasa kuwa, takan tunatar da wanda jarinsa ya kai nisabi, shekara ta zagayo, cewa rubu'in ushiri, wato 2.5 cikin 100, haƙƙin matalauta ne. Allah Ya saka mata da alheri.