Ƙamshin Lambu a Akwatin Lefe

Idan kaka ta yi a yankin Funtua da Malumfashi, aka kai masara da auduga da waken suya kasuwa, sai bukukuwa su kankama. A nan ake gane inda hancin mutane ya karkata, domin ba a rufe akwatin lefe babu turare. Abin da ya sauya shi ne irin turaren. Yau kusa da humra za ka tarar da kwalabe masu ƙamshin 'ya'yan itace da furanni, irin su Yara na kamfanin Lattafa da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda 'yan mata ke ganewa da kwalbarsa ruwan hoda.

Ƙamshin da iyayenmu suka sani daga itace da saiwa da hayaƙi yake fitowa: sandal, hawi, kajiji, farce, miski. Humra, wadda ta iso mana ta hannun matan Barno da Sudan, sai an soya farce an daka, an jiƙa, an bar ta ta tsumu. Turaren wuta kuwa garwashi yake so a kasko, a kifa kabbasa, a baza tufafi har hayaƙin ya ratsa zare. Ko Bintu Sudan, da kamfanin W.J. Bush na Ingila ya fitar a 1920, bai karɓu ba sai don ya bi wannan hanya: mai ne mai nauyi, babu sinadarin giya a cikinsa. Duka ƙamshi ne na haƙuri, na cikin ɗaki, wanda sai an matso ake jin daɗinsa.

Sabon salon akasin haka ne. Da fesawa ɗaya ya cika zaure, shi ya sa ya dace da ɗaliba da mai zuwa gidan biki. Tushensa Turai, J'adore na Dior, wanda ya fito a 1999, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi, sannan kamfanonin Dubai suka sauko da farashinsa, suka ƙara masa zaƙi da miski.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, yankin da mangwaro da gwaba ke zuba ƙasa a lokacinsu yana sayen ƙamshin 'ya'yan itace daga ƙasar hamada. Dalilin na sana'a ne. In ka cire dangin lemo, waɗanda ake matse mai daga ɓawonsu, yawancin 'ya'yan itace ba sa ba da man ƙamshi. Ruwa ne ya cika su. Don haka mangwaron da ake ji a kwalba bai taɓa rataye a reshe ba, a ɗakin haɗa sinadarai aka ƙera shi. Dabarar ta daɗe, tun 1919 kamfanin Guerlain ya yi amfani da ita a turarensa Mitsouko.

Raunin salon a nan shi ne yanayi. Ƙamshin lemo da na fure su ke fara tashi, kuma zafin bazara ba ya barinsu su daɗe. Da hunturu ma busasshiyar fata ba ta riƙe su. Kamar baƙon da ya yi sallama da fara'a ne, kafin a kawo ruwa ya miƙe. Abin da ke saura zaƙi ne kawai, wanda in ya haɗu da gumi yana iya hawa kai.

Mata sun riga masu kamfani gano maganin. Amarya takan turara kaya da dare, ta shafa humra a jiki, sai za ta fito ta fesa na kwalba a gyale. Masu haɗa humra su ma sun bi sahu, suna zuba man turare mai ƙamshin 'ya'yan itace a cikin farar humra. A ganina wani haɗin yana kyau, musamman inda sandal ya rinjaya. Inda aka cika zaƙi kuwa farce ɓacewa yake yi, sai a biya kuɗin humra a tafi gida da ƙamshin alawa.