Rinjin Karo a Bakin 'Yar Ubangida: Sharhi Kan Littafin Baba of Karo

Duk mai nazarin tarihin bauta a yammacin ƙasar Kano, daga Kurugu da Ƙaraye har zuwa Rogo, da wuya ya kauce wa littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a shekarar 1954. An haifi Baba a 1877 a ƙauyen Karo da ke kusa da Zarewa, ta kuma rasu a 1951. Mary Smith ta ɗauki labarinta ne a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950. Manufata a nan ita ce in auna abin da littafin ya faɗa game da zaman bayi a rinji, domin sau da yawa akan kafa hujja da shi cewa bautar ƙasar Hausa mai sauƙi ce.

Da farko, wajibi ne a yaba wa littafin. Baba ta tashi ne a gidan masu rinji, saboda haka ta ga abin da idonta. Ta bayyana yadda bayi kan fita gandun ubangida da hantsi, a kai musu abinci gona, su tashi da azahar, sannan kowa ya koma gayaunarsa. Ta kuma nuna yadda 'ya'yan bayi da aka haifa a gida suke tashi da Hausa da Musulunci, ana wasa tare da su. Irin wannan bayani na yau da kullum ba a samunsa a tarihin sarakuna.

To amma a nawa ganin, nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara. Muryar da muke ji ta 'yar ubangida ce. Ba mu ji ta bakin wanda ya riƙe garma ba, balle baiwar da aka raba da ɗanta a kasuwa. Abin da Baba ta gani a matsayin zaman lafiya, watakila shi bawan haƙurin dole yake yi. Gayaunar ma da ake yabo, tana rage wa ubangida nauyin ciyarwa ne. Haka nan murgu, wato kuɗin da bawa ke biya domin a bar shi ya yi sana'ar kansa, riba ce ga mai shi kafin ta zama hanyar fansa.

Mijin marubuciyar, M. G. Smith, wanda ɗan Jamaika ne, ya kwatanta bautar Zazzau da ta Jamaika a wata maƙala ta 1954, inda ya nuna cewa a nan bawa kan saje da jama'a, saɓanin gonakin rake na Turawa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ƙarancin azaba idan aka kwatanta da Jamaika bai mayar da bauta zumunci ba. Binciken Mohammed Bashir Salau a kan Fanisau (2011), wanda ya dogara da hirarrakin da Yusufu Yunusa ya yi a 1975, ya nuna ana dukan bayi, ana kuma kai masu taurin kai Gidan Ma'ajin Watari a birnin Kano domin horo.

Bugu da ƙari, littafin da kansa yana ɗauke da shaidar da ke rushe waccan fahimta. Lokacin da mahara suka kama wasu 'yan gidan su Baba, dangi sun tashi haiƙan, suka tara wuri mai yawa suka fanso su. Da a ce bauta abu ce mai sauƙi, me zai sa su wannan fafutika? Sannan Baba ta ce bayan zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903, bayin da aka saya a kasuwa sun gudu, har mahaifinta ya koma noma da hannunsa. Waɗanda suka san gidan da aka raba su da shi, da suka ga ƙofa, ba su tsaya ba. Wannan gudu shi ne shaidar bayin kansu, tunda ba a ɗauki maganarsu ba. Waɗanda suka zauna kuwa, da yawa haifaffun gida ne, ba su san wata ƙasa ba, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936.

Saboda haka, ina ganin a ci gaba da karanta littafin, amma a san bakin wa ake saurare. Aikin da ya rage wa manazartanmu shi ne su bi kufan rinjoji da sunayen unguwanni a ƙasar Ƙaraye da Rogo, su saurari dattawa cikin sirri da mutuntawa, domin har yau maganar asali na iya hana aure. Idan aka bar wannan aiki, tarihin yankinmu zai ci gaba da fitowa daga bakin masu gandu kaɗai.