Kiɗan Fiyano da Wutar da Ke Juya Sauti

Na'urar haɗa sauti ta analog, wadda ake kira sintesaiza, ba ta da fata ko tsarkiya. Daga wutar lantarki sautinta yake fitowa, kuma da wutar ake ba ta umarni. Sassa uku ne ginshiƙinta: mai haifar da sauti, matata mai rage kaifinsa, da mai ƙara masa ƙarfi ko kashe shi. A wasu na'urorin, kowane sashe yana da kafar da ake cusa waya, kuma yawan wutar da ta shiga kafar shi ke faɗa masa abin da zai yi; ita ake kira wutar sarrafawa.

Robert Moog na Amurka ya fito da irin wannan na'ura a 1964, kuma ma'aunin da ya bi shi ne ya fi yaɗuwa: duk ƙarin bolt ɗaya yana ɗaga sauti da oktaf ɗaya, wato ninki biyu na kaɗawarsa. Tun da maɓallai 12 ne a oktaf, tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa akwai kashi ɗaya cikin 12 na bolt. Allon maɓallan kansa bebe ne. Idan an danna, saƙo biyu yake aikawa: wuta mai nuna tsayin sauti, da wata mai buɗe ƙofa muddin yatsa na kai. Shi ya sa Minimoog na 1970 sauti ɗaya tak yake fitarwa a lokaci guda. Kamfanonin Korg da Yamaha sun bi wani ma'auni dabam a wasu na'urorinsu, irin su Korg MS-20 na 1978, don haka haɗa su da Moog kai tsaye kan karkatar da kiɗa. Zafi ma yana sa sautin ya zame, sai an riƙa saita shi.

A nan ne batun ya shafi kunnen Bahaushe. Wutar sarrafawa ba ta da matakala, tana hawa da sauka a hankali yadda aka ga dama. Allon maɓallai ne ke yanka ta gida 12 bisa tsarin kiɗan Turai. Don Buchla, wanda ya yi zamani da Moog a Kalifoniya, ya ƙi sa irin wannan allo a na'urorinsa na farko saboda wannan takura. Mai kalangu kuwa, da hammatarsa yake matse tsarkiya ya ɗaga sauti, ya sassauta ya sauke shi, har gangar ta bi karin harshen Hausa ta yi kirari. Aikin da wutar sarrafawa ke yi ke nan. Goge, kukuma da algaita su ma daɗinsu yana cikin wannan zamiya tsakanin sauti da sauti, wurin da maɓalli ba ya isa sai da taimakon ɗan gargaren lanƙwasa sauti da ke gefen hagu na allo.

Amma ba ta wannan ƙofa kiɗan lantarki ya shigo ƙasar Hausa ba. Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978 da organ na lantarki ƙirar Orla ta Italiya, kuma kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013. A kudancin Nijeriya, William Onyeabor na Inugu ya yi aiki da na'urorin Moog a sutudiyonsa. Sai dai a 1983 tsarin MIDI ya bayyana, inda maɓalli ke aika lamba a madadin wuta, kuma a shekarar ce Yamaha ta fitar da DX7. Lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano cikin shekarun 1990, ƙananan Casio da Yamaha samfurin PSR ne suka mamaye sutudiyo, masu sautuka da kiɗa a dafe. Su ne suka haifi kiɗan fiyano da waƙoƙin nanaye, waɗanda yau ake ji daga lasifika a gidajen biki tun daga Kano har Kontagora da Mashegu.

Sauƙi da araha sun samu, mawaƙa da dama sun ci abinci, wannan ba abin musu ba ne. Asarar ita ce fiyano ya daddale karin waƙa a kan maɓallan Turai, kuma sautukan da kamfani ya zuba a Japan sun maye gurbin hannun makaɗi.

Tsohon tsarin wutar sarrafawa bai mutu ba. Tun tsakiyar shekarun 1990 Dieter Doepfer na Jamus ya farfaɗo da shi da ƙananan sassa da ake kira Eurorack, masu bin ma'aunin bolt ɗaya a oktaf. Makaɗin sutudiyo da ke son na'ura ta yi magana da karin Hausa zai fi samun biyan buƙata a wannan tsari fiye da fiyanon da ya saba da shi.