Ina Maƙerin Bindiga a Littafin Smaldone?

Littafin da Joseph Smaldone ya wallafa a 1977 game da yaƙi a Daular Sakkwato ya nuna cewa bindiga ba ta yi tasiri sosai ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da sarakuna suka danƙa ta ga bayinsu. Hujjojinsa suna da ƙarfi. Sai dai mai karatu zai gama littafin ya san masu sayen bindiga da masu harba ta, amma maƙerin da ke gyara ta ko kwaikwayon ƙirarta bai sami fili ba.

Dalilin wannan giɓi shi ne marubucin ya fi jingina da abin da aka rubuta. Bindigar ɗuri ta Turai, mai ƙyastu ce ko wadda ta gaje ta, mai 'yar hular tagulla, takan zo da hatimin gwaji na Birmingham ko na Liège, ana iya bin sawunta. Maƙerin adaka kuwa ba ya buga hatimi. Sunansa yana bakin maharba da 'ya'yan maƙera.

A Kaduna ma haka abin yake. Masana'antar makamai ta gwamnati da aka kafa a Kakuri, kudu da kogi, a 1964, tarihinta a rubuce yake. Tsohon maƙeri kuwa, tun da dokar bindigogi ta 1959 ta mai da ƙira ba izini laifi, da wuya ya buɗe baki ga baƙo mai alƙalami.