Haƙuri da Jikin Mace a Cikin Alhaki Kuykuyo Ne

Manazarta da dama da suka taɓa littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne (1990), sun tsaya ne a kan jigon kishi da sakayya. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta, daga baya gobara ta cinye rumfarsa a kasuwa. Wannan maƙala za ta dubi abin da waɗannan shekaru suka ci a jikin Rabi.

Marubuciyar ta ƙware wajen lissafi. Kuɗin cefane da na makaranta da ɗan abin da Rabi ke samu a sayar da abinci duk an baje su dalla-dalla, har mai karatu ya ji nauyinsu. To amma Rabi haihuwa tara ta yi. Likitoci sun daɗe da sanin cewa daga haihuwa ta biyar haɗarin zubar jini da ƙarancinsa yana ƙaruwa, kuma damuwa mai tsawo tana tafiya da rashin barci da hawan jini. Mai karatu a Yalwan Damai ta ƙasar Birnin Kudu ba sai an fassara mata wannan ba, domin irin su Rabi ne take tararwa a layin awo.

Harshen ma yana taimakawa wajen rufe al'amarin. Kalmar “haƙuri” ita ake faɗa wa majinyaci, ita kuma ake faɗa wa matar da miji ya wulaƙanta. Ga majinyaci akan haɗa ta da magani, ga matar kuwa ita kaɗai ake ba ta. Haka “ciwon zuciya” ya ƙunshi baƙin ciki da cutar asibiti a lokaci guda, sai a ɗauki na farko a manta da na biyu.

A nan ne ƙarshen littafin ya ɗan gaza. An matsa wa Rabi ta koma ɗakinta bayan mijin ya tsiyace, wato ɗawainiyar gidan ta sake faɗowa a kanta. Mai yiwuwa da gangan marubuciyar ta bar wannan ɗaci, ganin cewa ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya. Duk da haka, sakayyar da sunan littafin ya yi alkawari a kan Alhaji Abdu ta tsaya. An hukunta shi, Rabi kuwa aiki aka ƙara mata.